Farin shayi mai rumman: ni na ɓata shi, ko haka yake?

Tsohon Malami, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa tukuna. Ku yi haƙuri, wanda ya shekara 35 yana riƙe da alli ba ya iya gajeren zance.

Ɗan ƙanena da ke karatu a Jamus ya zo hutu. Cikin tsarabar da ya ajiye mani har da wani ɗan gwangwani mai murfi, giram 100, an zana rumman a jikinsa an tsaga biyu. Ya ce, "Baba, na san ku da shayi. Wannan farin shayi ne, ba irin wanda kuka saba ba." Na sa mashi albarka. Shayina dai kowa ya san shi a gidan nan: citta, kanumfari, ɗan masoro, ganye ya tafasa har ruwan ya yi jawur, madara cokali uku. Sukari kuwa sai bana likita ya sa aka fara ƙirgawa.

Ina buɗe murfin ƙamshi ya doki hancina, irin na alawar da jikokina ke saye a shagon bakin layi. Abin da ke ciki kuma ba gari ba ne kamar na 'yar jakar nan mai zare. Ganye ne sosai, fala-fala, ba nauyi, wani kore-kore wani ruwan ƙasa, ka ce sharar gindin bishiya aka kwaso da hunturu. Jefi-jefi akwai wasu siraran tsinkaye masu farin gashi, kamar gashin jikin ɗanyar kuɓewa. Sai gutsattsarin wani abu mai taushi da yaron ya ce busasshiyar tuffa ce, da wasu jajaye masu duhu da ban tsaya dubawa ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na hura kurfoti a zaure, na ɗora butata, na zuba cokali biyu, na bar shi ya yi ta tafasa wajen minti goma kamar kullum. Ban sa kayan yaji ba, don in ji shi shi kaɗai. Na tace, na zuba madara. Jama'a, nan take madarar ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji tana yawo a kofi kamar an zuba ruwan tsami za a yi awara. Na kurɓa. Ga tsami, ga bauri irin na ɗanyar kanya, ƙamshin nan kuma da ya cika zaure ko ɗigonsa babu a baki. Yaron na zaune ya zuba mani ido yana jiran in yaba. Na runtse na shanye, na ce madalla. Sai daga baya yake gaya mani shi gahawa yake sha, bai taɓa ɗanɗana wannan ba, mai shagon ce ta zaɓar mashi.

Washegari da ya fita na sake gwadawa ba madara. Na zuba tafasasshen ruwa a kai na rufe, na tsaya sauraren labarai a rediyo har na sha'afa. Da na waiwaye shi ruwan ya yi ja, amma ba jan shayi ba, wani ja mai haske. Uwargida ta karɓa ta kurɓa, ta miƙo mani kofin ta ce, "Malam, wannan ai zoɓo ne aka yi mashi rowa."

To ina masana. Me ya sa ake ce mashi fari, alhali ganyen ba fari ba, ruwan ma ba fari ba? Me ya tsinka madarar, ga shi da safen ranar na sha irinta lafiya lau? Kuma ni na ɓata shi, ko dama iyakarsa ke nan? Na sa tabarau na kwafo abin da ke bayan gwangwanin, da Jamusanci ne. Na farko "Pai Mu Tan", sai "Apfel", sai "Hibiskus", sai "Aroma", can ƙarshe wata doguwar kalma da yaron ya ce ita ce rumman. Ba na son in zubar da tsarabar ɗa, ba na kuma son in sake shan awara.

'Yar Rafindaɗi

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya. A gafarce ni, sai da na yi dariya a wurin awarar nan. Kimiyyar abinci na karanta, kuma ina ɗan taɓa irin wannan shayin, bari in faɗi abin da ya sawwaƙa.

Mama ta riga kowa kama bakin zaren. "Hibiskus" ɗin nan zoɓo ne, namu na gida, wanda ganyensa muke ce wa yakuwa. Masu haɗa shayin 'ya'yan itace a Turai ba sa rabuwa da shi, saboda busasshiyar tuffa ko rumman ba sa rina ruwa, ba su kuma da wani tsamin kirki in an jiƙa su. Da an sa zoɓo sai ruwa ya yi ja, harshe ya ji tsami, mai sha ya dubi hoton gwangwani ya ce ai ga rumman nan. Shi ne kuma ya tsinka maku madara. Duk abu mai tsami yana dunƙule furotin ɗin madara, balle da zafi, aikin da ruwan tsamiya ke yi wa madarar waken suya ke nan. Madararku lafiyarta ƙalau.

Ku sake duba rubutun nan. A dokar Tarayyar Turai ana jera kayan haɗi ne daga wanda ya fi nauyi zuwa wanda ya fi ƙaranci. Tunda Pai Mu Tan ne a gaba, shayin ya fi komai yawa a ciki. Rumman da ya zo a wutsiya shi ne ɗan mitsitsi, duk da shi aka zana a jikin gwangwani. Ƙamshin alawar kuma daga "Aroma" yake, wato turaren abinci da ake fesa wa ganyen bayan an gama haɗi. Irin wannan ƙamshin tururi yake bi. Da kuka tafasa minti goma, zauren ne ya sha shi, ba ku ba.

Maganar fari kuma. Bishiya ɗaya ce ke ba da baƙin shayi da kore da fari, masana na ce mata Camellia sinensis. Bambancin daga hannun masu sarrafawa yake. Kun san yadda farin goro yake yi in an ɓare shi an ajiye, ya fara ja har ya yi duhu, don iska ta taɓa cikinsa. Haka ganyen shayi yake. Baƙin shayi da gangan ake murje shi ko a daddatse shi da inji don iska ta shige shi, ya yi duhu ya yi ƙarfi, shi ya sa yake jure wuta da madara. Kore ana tsinko shi ake soya shi a kasko ko a turara shi, zafin ya hana shi sauyawa. Shi kuwa fari ba a murza shi, ba a soya shi. Shanya shi ake yi ya yi yaushi kwana biyu zuwa uku, sannan a ƙarasa busar da shi a hankali, shi ke nan. Sunan daga farin gashin nan da kuka gani ya fito. Tohon da bai buɗe ba ne, kuma duk jikin bishiyar babu abin da ya kai shi tsada. Gidan wannan shayi lardin Fujian ne a ƙasar Sin, musamman Fuding da Zhenghe, kuma mai kyansa a watan Maris da Afrilu ake tsinka. In ba a haɗa shi da komai ba ruwansa ɗorawa-ɗorawa ne mai haske ƙwarai, ana hango gindin kofi.

Yadda nake yi: ganyen ba ya hawa wuta sam. Ruwan ake so ya sauko zuwa kamar digiri 80. In babu ma'aunin zafi, ku auna kofi uku na tafasasshe ku zuba kofi ɗaya na randa a kai, lissafin yana faɗawa daidai wurin. Ganye giram 2 zuwa 3 ga kofi ɗaya, amma tunda ba shi da nauyi, babban cokali za ku cika, ƙaramin ba zai isa ba. Ku rufe minti uku, da agogo ba da labaran rediyo ba, sannan ku tace duka. Kada ku zubar da ganyen, yana ɗaukar ruwa karo na biyu har na uku. Madara dai a yi mata haƙuri. Sukari ku fara kurɓa tukuna kafin ku yanke shawara.

Abu ɗaya kuma, Baba: kada haskensa ya ruɗe ku da dare. Yana da kafeyin, sinadarin nan na goro mai korar barci.

Mai Teburi, Daura

Malam, ina gaisuwa. An dai ce Katsinawa kunya gare ku, yau na ga shaida. Ni da ni aka miƙo wa wannan awarar, ko surukina ne ya haɗa ba ta wucewa maƙogwarona.

Shekarata 22 a kan teburin shayi kusa da tasha. Ƙanwata ta yi bayanin boko, ni na ƙasa zan ƙara. Butarka ce ta fara cin amanarka. Butar da ta shekara tana dafa citta da kanumfari, ko ruwa zalla ka tafasa a ciki sai ya fito da ƙamshinsu. Ka leƙa cikinta ka gani, baƙin nan da ya kama ba ya fita da wanki. Haka matacinka. A wurinmu wannan ado ne, tsohuwar buta ta fi sabuwa daɗin shayi, har akwai mai zuwa teburina da in na canza buta sai ya gane. Amma abin da aka ce ba shi da ƙarfi, ka sa shi a nan, ai ka haɗa ɗan tsako da shaho. Nemi tukunya mai tsabta da tambulan na gilashi.

Sai ruwa. Akwai rijiyar da ruwanta ke da zartsi, in ka yi ruwan bunu da shi ka ajiye za ka ga wani yana-yana ya taso a sama kamar mai, launin ya dushe. Madara na rufa mashi asiri, shi ya sa mutane ba sa lura. Ni ranar da mai kurar ruwa ya kawo mani irin wannan, ganye nake ƙarawa. Kai da ba za ka sa madara ba, gara ka yanka ruwan leda biyu.

Bakinka ma abin dubawa ne. Wanda ya tauna goro ko ya tashi daga kan tuwo da yaji, me zai ji?

Inda ban gamsu ba shi ne wai kada ganye ya hau wuta. Mu nan da Kongolam ke bayan gida, ataya muka tashi muka gani wurin Buzaye. Koren ganye ne, daga Sin ɗin dai yake zuwa, kwalayen nan masu lamba 4011 ko 41022. A 'yar buta a kan gawayi ake dafa shi har ya yi kamar zai ƙone, na farko ɗaci kamar maɗaci, a zuba sukari a yi ta ɗaga hannu ana juyawa har kumfa ta tsaya, a sha na biyu da na'ana'a, a sha na uku. Ba wanda ya ce an ɓata shi. To shi wannan wane irin ɗan gata ne?

Maganar zoɓo kuwa ita ta fi ba ni dariya. A gefen gonar gero muke yafa shi, da kaka mata su ɓare su shanya a kan tabarma, 'yan kasuwa su bi ƙauyuka su tara a buhuna, a yi Maigatari da Kano da shi, daga nan sai jirgin ruwa. Ba mamaki wanda ke gwangwanin nan daga gonar wani ɗan'uwana ya fita, ya je Turai ya yi digiri, ya dawo da sabon suna. A teburina dai ba zai yi kasuwa ba. Direban da ya yi asubanci zai kama hanyar Kano abin da zai riƙe mashi ciki yake nema, haɗin kauri da burodi da ƙwai uku.

Tambaya ɗaya ga ƙanwata: shayin da ake nomawa a Mambila, shi ba a iya yin farin da shi?

Alhajin Gwanzu

Malam, barka da hutawa. Kayan wuta nake saro wa daga Caina, kuma duk shagon da ka zauna ciniki a can sai an zuba maka shayi a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba. Tun ina sha don kara har na fara bambancewa. A Gwanzu akwai kasuwar Fangcun, unguwa guda ce sukutum ba a sayar da komai sai ganyen shayi da kayan shansa. A can na fara shan fari.

Hawa-hawa ne. Na sama toho ne zalla, ba ganye ko ɗaya, suna ce mashi Bai Hao Yin Zhen, wato allurar azurfa. Mai bi mashi toho ne da ganye ɗaya ko biyu, shi ne Bai Mu Dan, wanda Turawa ke rubutawa Pai Mu Tan, irin na gwangwaninka ke nan. Can ƙasa akwai Shou Mei, manyan ganyen da ake tsinka daga baya. Kuma kowanne a cikinsa akwai mai kyau da na yaku-bayi. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa ɗanmu daɗi ba: ban taɓa ganin wanda ya sami na sama ya fesa mashi turaren alawa ba. Mai tsire in ka ga ya cika yaji, dubi naman. Ba ina nufin naka ba shi da kyau ba ne, ina nufin ba a yi shi don a ji ganyen ba.

Ɗiyata 'Yar Rafindaɗi, a nan zan ɗan saɓa maki. Su masu abin ba sa jiran ruwa ya huce. Ganye suke cikawa a wani kofi mai murfi, su zuba ruwa yana sauka daga wuta, su ƙirga daƙiƙa goma ko ashirin su juye. A sake, a sake, har sau shida ko bakwai, kowanne da ɗanɗanonsa. Digiri 80 da minti uku tsarin Turawa ne mai ƙaramin ganye da ruwa da yawa.

Mai Teburi kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Akwai farin da ake dafawa. Suna danne Shou Mei ya zama faifai kamar ƙuli-ƙulin da aka baje, su ajiye shekaru, ya yi duhu. Har karin magana gare su a kai: shekara ɗaya shayi, shekara uku magani, shekara bakwai dukiya. Wannan tsohon a buta ake tafasa shi da sanyi, wasu su jefa busasshen ɓawon lemo, wasu su jefa wani jan ɗan itace da ake ce wa dabinon Caina, wanda ɗan'uwan magaryarmu ne. Da shi aka kawo maka, Malam, da kurfotinka bai yi laifi ba. Wani abin kuma, shayin da muke ce wa baƙi su ja suke ce mashi, don ruwan suke kallo ba ganyen ba.

Shawarata ka sha shi, kada ka adana. Ƙamshin fesawa ba ya daɗewa in an buɗe, ganyen shayi kuma maƙwabcin kirki ne, duk abin da ke kusa da shi sai ya ɗauka. Na taɓa ajiye wani mai tsada a ɗakin da ake turaren wuta, bayan wata ɗaya sai ka ce gumbar amarya nake sha. Nesa da turare, nesa da daddawa, nesa da rana.

'Yar Rafindaɗi

Na karɓi gyara, Alhaji, in ganyen zalla ne. Amma na Baba da zoɓo a ciki, kuma zoɓo da ya ji ruwa mai zafi sosai yake sakin tsaminsa gaba ɗaya ya danne komai. Don haka a wannan gwangwanin ina nan a kan 80 ɗina.

Yaya Mai Teburi, ataya ɗacin ake nema, sukari da kumfa su tare shi. Wannan kuwa abin da ake nema a cikinsa ɗaci ne ke kashe shi. Na Mambila kuma bishiyar dai ita ce, ana nomanta a Kakara kusa da Gembu a jihar Taraba, inda tsauni da sanyi da ruwan sama suka dace da ita, baƙin shayi ake yi da ita. Ba abin da ya hana a yi fari sai aiki da mai saye, don toho ɗaya-ɗaya ake tsinka da hannu. Kenya da Malawi ma baƙi suka fi yi, amma suna fitar da fari kaɗan.

Hajiya Mai Zoɓo, Sabon Layi

Malam, a gaishe mani da uwargida, harshenta ya fi duk bayanin da aka yi a nan. Ni da zoɓo da kunun aya nake riƙe gida, don haka an taɓo sana'ata.

Ku bar wahalar da kanku da wuta. Abin da ke da zoɓo da tuffa da ƙamshin 'ya'yan itace ai na sanyi ne. A sami kwalba mai lita ɗaya, a zuba babban cokali huɗu, a cika da ruwan sanyi, a rufe a sa a firji tun dare, da safe a tace. Ruwan sanyi ba ya jawo bauri, kuma ƙamshin ba shi da tururin da zai bi ya gudu. Ni zoɓon da nake yi wa kaina ma jiƙa shi nake yi, na sayarwa ne nake dafawa don ya yi auki. In zafin Afrilu ya kama Katsina za ku tuna da ni.

Amma wai turare ake fesawa don a ji 'ya'yan itace? Ɓawon abarba ɗaya in na jefa a tukunya, har maƙwabta sai sun leƙo. Su kuma masu turo mana bidiyo a waya wai farin shayi na narkar da tumbi, a gaya masu ganye ne ba likita ba.

Tsohon Malami, Ƙofar Ƙaura

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na dawo da sakamako, don malami ba ya ba da aiki ya ƙi duba nasa.

Jiya da hantsi na juye rabin gwangwanin a faranti, na kira jikanyata mai shekara tara, muka zauna tsinta kamar masu gyaran shinkafa. Ganye gefe ɗaya, tarkace gefe ɗaya. Jajayen nan kuwa da na ɗauki ɗaya na lasa, ba tantama, zoɓo ne. Rumman ita ta ƙirga, don idonta ya fi nawa: ƙwaya huɗu ta samu, busassu ƙanana, ta ce in ba ta. Na ba ta.

Yau bayan asuba, kafin in sa komai a baki, na bi maganar Mai Teburi. Butata na bar ta a rataye, na ari 'yar tukunyar uwargida, na yanka ruwan leda, na fito da tambulan biyu na gilashi daga cikin na baƙi. Uku tafasasshe, ɗaya na randa. Tambulan ɗaya haɗin yadda ya zo, ɗayan ganyen da muka tsince. Na ajiye agogo a gabana, rediyo a kashe.

Na haɗin ya fito ruwan hoda mai kyan gani, kuma gaskiya ba shi ne abin da na sha ranar Juma'a ba. Baurin ya tafi, tsamin ya yi ladabi, ƙamshin ya tsaya a kofi har na kai baki. Ana sha. Sai dai duk kurɓar da na yi zoɓo ne ke magana, shayin na bayansa ya yi shiru kamar ɗalibin benci na ƙarshe.

Ɗayan ne ya tsayar da ni. Kafin in tace na ɗaga shi wajen hasken ƙofar zaure. Tsinkayen nan masu gashi wasu sun miƙe tsaye a cikin ruwa, ganyen sun buɗe har ana ganin jijiyoyinsu, ga wasu 'yan ƙananan gashi suna yawo suna ƙyalli in haske ya ratsa. Ruwan kamar an jiƙa karan dawa. Kurɓar farko na ce a raina, ruwan zafi ne kawai da ƙamshin alawa, an cuci yaron nan. Ta biyu ma haka. Sai da na ajiye na ɗan jima, sannan na ji wani zaƙi-zaƙi can bayan harshe, ba na sukari ba, irin wanda ke saura a baki bayan ka tsotse takanɗa ka tofar. Na sake zuba ruwa a kan ganyen kamar yadda ɗiyata 'Yar Rafindaɗi ta ce, wannan karon minti huɗu. Na biyun ya fi na farko nesa ba kusa ba. Turaren ya ragu, abin da ya taso ƙamshin harawa ne sabuwar ɗauri, wadda aka jibge a kan rumfa ba ta gama bushewa ba. Rabona da in tuna rumfar mahaifina a ƙauye an daɗe.

Kada Mai Teburi ya ce na bar gida. Ƙarfe takwas na yi cikina ya ce shi bai san an karya ba, na sauko da butata na yi haɗina da citta. Amma na lura da wani abu: bayan wancan, cokali biyu na sukarin da likita ya yarje mani sai na ji sun yi yawa.

Yaron na gaya mashi gaskiyar ranar Juma'a. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai ya ga fuskata, shi ma kunya ce ta hana shi magana. Ragowar rabin gwangwanin uwargida ta karɓe, ta ce na Hajiya za ta gwada a firji in an kawo wuta, gwangwanin kuma ta riga ta yi mashi alkawarin allura da maɓallai.

Alhaji, in Allah ya kai ka Gwanzu, a taimaka mani da ɗan faifan nan na tsohon ganye wanda ake dafawa, ko rabi ne, ni zan biya. Akwai magarya a bayan gidanmu. Busasshiya ake jefawa ko ɗanya?